Yadda Ingilishi ya zauna a bakina a shagon kayan babur

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni haifaffen Maraɗi ne. A unguwar Bagalam aka yanke mini cibi, a nan na yi makarantar allo, daga nan kuma aka kai ni lakwal, wato makarantar boko. Sana'ata sayar da kayan gyaran babur, kuma Alhamdu lillahi da ita nake riƙe da iyalina. A yau ina karanta takardun kaya da Ingilishi, ina rubuta wa masu aiko mini da kaya saƙo da shi, ina magana da su a waya ba tare da tafinta ba. Sau da yawa in mutum ya ji ni sai ya tambaya ko a Najeriya na yi karatu. Ban taɓa zama a aji a Najeriya ba. Abin da ya sa nake son ba da labarin nan shi ne na san akwai matasa da yawa a garin nan da suka yi shekaru suna haddar ƙa'idojin Ingilishi, amma in aka ce su haɗa jimla guda sai harshensu ya yi nauyi, har su ɗauka kansu ne ba ya ja. Na zauna a wannan hali, na san ɗacinsa, kuma na ga ƙofar da Allah ya buɗe mini na fita.

A ƙasarmu Nijar da Faransanci yaro yake buɗe ido a lakwal. Sai ya yi shekara shida a firamare ya shiga kwaleji, a ajin farko da muke ce wa siziyam, sannan a fara masa Ingilishi. Ina siziyam aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗinmu suka zube da rabi. Littafi da kaye da bik duk suka yi tsada, ga yajin aikin malamai da ba ya ƙarewa saboda albashin da suke bin gwamnati.

Malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, zai shigo ya rubuta ƙa'ida a allo da Faransanci, mu kwafe. Sai ya jera mana aikatau marasa bin ƙa'ida uku-uku, mu riƙa rerawa tare: *go, went, gone, buy, bought, bought, take, took, taken*. Na haddace su tas, kuma ina samun maki mai kyau. Ba na zargin Mushe, Allah ya saka masa da alheri. Aji cike yake maƙil, littafi ɗaya a gaban mutum huɗu ko biyar, shi ma kuma haka aka koya masa. Amma tsarin ya yi mana illa guda. Tun a firamare an hana mu Hausa a harabar lakwal, wanda aka kama yana yi a rataya masa sambol a wuya, saboda haka muka tashi da ganin Hausa ba harshen da ake karatu da shi ba ne. In zan faɗi abu da Ingilishi, tunanin da Hausa zai fara zuwa mini, in juya shi zuwa Faransanci, sannan in shiga lalube. Kafin in gama wannan zagaye mai sauraro ya gaji ya kama gabansa.

Ina ajin ƙarshe na kwaleji, kafin a zauna BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni ne babba a ɗakinmu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni yaron shago. Lokacin kabu-kabu na ƙaruwa a gari, kasuwar kayan babur ta buɗe sosai. Kayanmu daga Kano suke tasowa, su biyo ta Katsina da Jibiya, su shigo ta Ɗan Isa. A Kano ɗan Maraɗi ba ya jin baƙunta, Hausa ta ishe shi. Manyan dilolin kayan babur na Sabon Gari ma, waɗanda akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo ne, da yawa suna ciniki da Hausa. Amma rasit da Ingilishi yake, rubutun jikin kwali da Ingilishi, iyayen gidansu da ke Nnewi da Legas kuma ba sa jin Hausa. Kawu yana da ɗan kamasho da ke shiga tsakani, kuma kowane shiga tsakani da ladansa.

Wata rana aka kawo mana kwalin sarƙar babur ba ta cika ba. Ɗan kamashon ya yi tafiya. Kawu ya ja ni muka je wurin buga waya, don a lokacin salula ba ta yawaita ba, ya buga lambar da ke jikin rasit ya miƙo mini.

"Kai da ka yi lakwal, gaya mishi goma ba su zo ba."

Na riƙe kan wayar. Na san *box*, na san *chain*, na san *ten*, na san *send, sent, sent*. Mutumin yana ta cewa *hello, hello*, kuɗin waya na ta hawa, ni kuwa kalmomin suna kaina a warwatse sun ƙi haɗuwa. Kawu ya karɓi wayar a hankali ya ajiye, ya biya, muka taho. Har muka iso shago bai ce mini uffan ba. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

A layin shagonmu akwai wani dattijo Bakatsine da ya yi ritaya daga koyarwa a firamare, ya zo ya zauna wurin 'yarsa da ke aure a Maraɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne, sarautar garinmu ma ta Katsinawan da suka baro birnin ce bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Kullum bayan la'asar yana zaune a kan tabarma a inuwar bedi, da rediyonsa da butarsa. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Ɗana," ya ce, "ni Faransancinku ko kalma ɗaya ban sani ba. In za ka koya a wurina, da Hausa zan yi maka bayani."

Ban san a lokacin cewa wannan shi ne babban alherin da ke cikin lamarin ba. Ya ce in faɗa masa abin da na sani. Na zubo masa aikatau uku-uku har na ƙure. Ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Madalla, ka yi ƙoƙari. Amma duk waɗannan kamar kayan da ke rataye a shagon kawunka ne. Akwai taya, akwai sarƙa, akwai fulogi, amma ba wanda ya taɓa hawansu ya je ko'ina. Sai an ɗaura."

Sharaɗi biyu Baba Malam ya gindaya mini. Na farko, kalmar da zan yi aiki da ita ta zama ta abin da hannuna ke taɓawa a wuni: taya, makulli, mai, kwali, kuɗi, shayi, ruwa. Na biyu, kowace jimla da zan kawo masa ta zama gaskiya. "Kada ka kawo mini labarin wani yaro da ya je garin da ba ka taɓa gani ba. Abin da ya faru a shago yau nake so." Na daɗe kafin in gane hikimar sharaɗin nan na biyu. Jimlar gaskiya ka san lokacinta. Ka san ko abin ya wuce, ko yana kan faruwa, ko kullum ne yake faruwa, don kana wurin. Ba za ka yi canki-canka wajen zaɓen sigar aikatau ba kamar yadda ake yi a cike gurbin jarrabawa.

Da *sell* muka fara. Ya ce in faɗi sana'ata da Hausa. Na ce nakan sayar da taya. Ya rubuta a bayan kwalin fulogi: *I sell tyres*. Ya nuna kawu da ke ciniki da wani mai kabu-kabu a ƙofar shago, ya ce me yake yi yanzu? Na ce yana sayar da taya. Ya rubuta: *He is selling a tyre*. Jiya fa? Na sayar da biyu: *I sold two tyres yesterday*. Gobe? Zan sayar: *I will sell*. Sai ya ja layi ƙarƙashin na farko da na biyu ya ce, "Ka ga nakan, ka ga yana. Ai kana da su a bakinka tun kana goye."

Nan na yi shiru ina kallon kwalin. Shekarun da na yi a kwaleji wannan bambanci ne ya fi ba mu wuya, saboda Faransanci siga ɗaya yake da ita ga duka biyun, *je vends*, ko yanzu kake sayarwa ko sana'arka ce. Mushe yakan cika allo da bayani. Ashe Hausar da aka hana mu yi ta riga ta raba su, lokaci sabau daban, lokaci mai ci daban. Baba Malam dai ya ja mini kunne a kan abu guda: Bahaushe yana iya cewa "ina sayar da taya" yana nufin sana'arsa ke nan, amma Ingilishi ba ya yarda da wannan sassauci. In abu na kullum ne, sai sigar farko.

Ya kuma nuna mini cewa a Hausa aikatau ba ya canzawa saboda mai aikin. Na sayar, ka sayar, ta sayar, mun sayar, sun sayar, wakilin suna ne ke juyawa. Faransanci kuwa kowane mutum da wutsiyar da ake liƙa wa aikatau. Ingilishi a nan ya fi kusa da mu: *I sell, you sell, we sell, they sell*. Wuri ɗaya kawai yake neman ƙari, wato in shi ne ko ita ce a lokaci sabau, sai a sa *s*: *my uncle sells, she sells*. Ƙaramin harafi ne amma shi ya fi kuɓuce wa mutane, don haka ya sa na riƙa ba shi labarin kawu kullum: ƙarfe nawa yake buɗe shago, me yake sha da safe, ina yake sallar Juma'a. *He opens, he drinks, he prays*.

Abin da babu shi a Hausa babu shi a Faransanci shi ne *do, does, did*. Mu in za mu yi tambaya murya muke ɗagawa, ko mu sa "shin" ko "ko". In za mu kore, mu sa "ba" gaba da baya. Ingilishi sai ya kira mataimaki: *Did you send the box? I did not see it.* Ƙa'idar da Baba Malam ya nanata mini ita ce da zarar *did* ya shigo, shi ya ɗauke lokacin, aikatau sai ya koma sigarsa ta asali. Shi ya sa ake cewa *did you send*, ba a cewa *did you sent*. Ya mai da ni mai yi masa tambayoyi. Ko ya ci abinci, ko ya ji labarai, ko 'yarsa ta dawo daga kasuwa, duk da Ingilishi, shi kuma ya amsa da gaskiya.

Inda muka fi daɗewa shi ne tsakanin *I paid* da *I have paid*. Wannan tarko ne na musamman ga 'yan lakwal, domin Faransanci yana cewa *j'ai payé lundi*, kuma a ido ya yi kama da *I have paid*, sai yaro ya liƙa masa ranar Litinin ya ɗauka ya yi daidai. Baba Malam bai san wannan tarihi ba, amma ya san maganinsa. Ya ce in dai ka ambaci lokacin da abin ya faru ya wuce, jiya ko bara ko ran Litinin, to *I paid on Monday*. In kuwa abin da ke gabanka shi ne biyan ya tabbata har yanzu, ba ruwanka da yaushe, to *I have paid*. Sai ya ba ni kalmomin Hausa uku ya ce in riƙe su: riga, taɓa, tukuna. Na riga na biya, *I have already paid*. Ka taɓa zuwa Kano? *Have you ever been to Kano?* Kaya ba su iso ba tukuna, *The goods have not arrived yet*. Duk ɗan kasuwa ya san waɗannan jimloli uku rabin maganarsa ce ta yau da kullum.

Sauran darussan sun zo da sauri. *His* da *her* suna bin mai abin ne, namiji ko mace, yayin da *son* da *sa* na Faransanci suke bin abin da aka mallaka, shi ya sa 'yan lakwal ke ruɗewa. Mu kuwa muna da babur ɗinsa da babur ɗinta, motarsa da motarta, "sa" da "ta" na ƙarshe suna nuna mai abin kai tsaye. "Wata mota" da "motar" suka buɗe mini bambancin *a car* da *the car*. "Nawa" ɗinmu guda ɗaya ya rabu biyu: *how many* ga abin da ake ƙirgawa ɗai-ɗai kamar taya, *how much* ga mai da ruwa da gero da kuɗi. Ya ce ai mu ma ba ma cewa gero biyu, sai tiya biyu ta gero, haka su ma *two litres of oil*. Amma kuɗi sai an kula. Mu muna cewa kuɗin sun ƙare, kuɗin ba su isa ba, jam'i muke ɗaukarsu. A Ingilishi tilo ne: *The money is not enough*.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙananan kalmomin da muke ganin mun sani. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan wahala, yana shan iska. A Ingilishi ruwa ne kawai da abin da ya yi kama da shi ake yi wa *drink*. Magani *take medicine* ne. Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci wasa, su kuwa *eat, pass, win*. Muna jin magana, mu ji zafi, mu ji ƙanshi, mu ji Hausa: *hear, feel, smell, understand*. Shi ya sa Baba Malam ya hana ni rubuta kalma ita kaɗai a kaye da ma'anarta a gefe. Ya ce a rubuta ta tare da waɗanda take tafiya da su a cikin jimla, in ba haka ba ranar da ka buƙace ta za ka ɗauko wadda ba ita ba. Makanikan layinmu kullum suna aron sufana a shagonmu, a kansu na koyi *lend* da *borrow*. "Ara mini" na mai bayarwa ne, *lend me your spanner*. "Na aro" na mai karɓa ne, *I borrowed it*.

Akwai kuma aikin baki. Hausa ba ta raba *p* da *f* ba, mu Maraɗawa ma har "hwari" da "tahiya" muke cewa. A sana'ar da ke cike da *plug* da *pump* da *piston* kuwa ba makawa sai an gyara. Baba Malam yakan yagi 'yar takarda siririya ya riƙe a gaban leɓena. In na haɗa leɓɓa biyu na sake su da ƙarfi, takardar ta yi tsalle, wannan *p* ne. In na ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa na busa, ta karkata a hankali, wannan *f* ne. *Pull, full. Pan, fan.* Yaran layi sukan taru suna kallo, shi ko a jikinsa.

A tafiye-tafiyen Kano na riƙa jin buroka, wato Pidgin ɗin Najeriya, a bakin direbobi da 'yan dako. Da na kawo masa, bai raina shi ba. Ya ce harshe ne da ke biyan buƙatar miliyoyin mutane, in na ji in koya, amma in san ba shi ake rubutawa a takardar kasuwanci ba, kada in gauraya su.

Ranar da abin ya tabbata, kaya ne suka sake zuwa da giɓi. Na zauna a kan benci na rubuta abin da zan faɗa kafin mu je wurin waya: *Good morning, sir. We received the box on Friday. We paid for fifty plugs, but there are only forty in the box. We have not sold any yet. Please send the other ten with the next goods.* Ba wata kalma mai wuya a ciki, duka na yau da kullum ne. Na kai wa Baba Malam ya duba. Ya sa yatsa a kan *received* ya ce me ya sa? Na ce don na ambaci Juma'a. Ya sa a kan *have not sold*, na ce don akwai tukuna. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka." Na karanta a waya, mutumin ya yi tambaya na amsa, ya ba da haƙuri, goman suka biyo kaya na gaba. A hanyar dawowa kawu ya tsaya wurin mai tsire ya sa aka naɗe mini na kai wa mahaifiyata. Tun daga ranar ni nake riƙe da rasit da lissafin shago.

Baba Malam bai taɓa karɓar ko dala a hannuna ba. In na kai masa goro ko sukari yakan karɓa ya sa albarka, kuɗi kuwa ya ce in kai wa ƙannena. Da jiki ya yi rauni 'ya'yansa suka mai da shi Katsina, a can ya rasu. Na je gaisuwa. Har gobe ba na gama addu'ar iyayena ban sa shi a ciki ba.

Bayan shekaru kawu ya sallame ni da jari na buɗe nawa shagon. Salula ta zo, WhatsApp ya zo, har na kai ga yin hulɗa da masu kaya a Caina. Su ma Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, gajerun jimloli suke rubutawa irin waɗanda na koya a inuwar bedi. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019 kasuwa ta tsaya cak, muna wuni a shago ba ciniki. A wannan zaman ne yaran shagona suka ce in koya musu. Aka sake rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin watan Yuli, zaman ya ƙara tsawo, ɗalibai suka ƙaru. Yanzu bayan isha'i muna haɗuwa a ƙofar shago, ana dafa shayi, akwai makanikai, akwai masu kabu-kabu, akwai 'yan lise da ke shirin BAC, jarrabawar kammala sakandare, har da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke zuwa don littattafan fanninsu da yawa da Ingilishi suke. Sharuɗɗan nan biyu su nake gindaya wa kowa, kuma da Hausa nake bayani.

Wasu yaran sukan ce mini, "Maigida, ai yanzu waya tana fassarawa." Gaskiya ne, ni ma ina amfani da ita in na ci karo da baƙuwar kalma. Amma saƙon da ya shafi kuɗinka da amanarka, wanda za a aika da sunanka, ya kamata ka iya karanta shi ka san abin da ka ce. Tsakanin "na biya" da "zan biya" akwai dukiyar mutum.

Abin da ke raina game da lakwal zan faɗe shi a fili. Kundin tsarin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a ƙasar nan a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Yaranmu za su buƙaci Ingilishi fiye da yadda muka buƙace shi. To me zai hana malamin Ingilishi a Maraɗi, wanda shi da ɗalibansa duka Hausa suka sha a nono, ya ce musu wannan "nakan" ne, wancan "ina" ne, a wuce wurin? Ban ce a yar da Faransanci ba, ni ma ina cin moriyarsa, kalmomi da yawa na Ingilishi ta hanyarsa na gane su. Amma bayanin nahawu ya kamata ya bi ta harshen da yaro yake tunani da shi. 'Yata tana kwaleji yanzu. In ta dawo da ƙa'idar da aka rubuta musu da Faransanci, mukan zauna mu nemo takwararta a Hausa, sannan ta kawo mini jimloli a kan abin da ta yi a gida ranar, wanke-wanke ne ko aiken kasuwa.

A zamanmu na dare yanzu muna kan *in, on, at*, waɗanda "a" ɗinmu guda ɗaya ke ɗauke da aikinsu duka. A Maraɗi, *in Maradi*. A shago, *at the shop*. A kan benci, *on the bench*. Wajen lokaci kuma *at seven, on Monday, in January*, wato sa'a da *at*, rana da *on*, wata da shekara da *in*. Akwai wani makanike a cikinsu da bai taɓa shiga lakwal ba, allo kawai ya yi. Shi ba ya bi ta Faransanci ko kaɗan, kuma ya fi kowa saurin kamawa. Ya roƙe ni in mun gama wannan mu shiga irin su *take off, put on, turn on, turn off*, don yana son ya riƙa gane bidiyon gyaran inji da yake kallo a YouTube. Na ce masa ya zo da babur ɗin da yake gyara, a kansa za mu yi darasin, yana kwancewa yana ɗaurawa yana faɗin abin da hannunsa ke yi.